Tambaya a kan bugun haruffa masu tudu: mene ne shi, kuma me ya sa ya fi tsada?

Baban_Zainab_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar ɗab'i. Ranar Asabar na je Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, domin in ba da aikin katin gayyatar ɗaurin auren 'yata, sai mai shagon ya ajiye mini samfuri biyu a kan tebur. Na farko irin wanda muka saba gani ne, mai sheƙi da launuka barkatai. Na biyu kuwa takarda ce mai kauri da launi ɗaya tak, amma idan mutum ya shafa da yatsa sai ya ji rubutun ya nutse cikin takardar. Ya ce wannan shi ake kira letafires, kuma kuɗinsa ya fi ninki biyu na wancan. Da na nemi dalili, sai ya ja ni bayan shago ya nuna mini wani tsohon baƙin inji, ya ce da shi ake yi. Abin ya ɗaure mini kai, domin a sanina sabon abu ne ke tsada. Ina so a fayyace mini ma'anar wannan bugu, da yadda ake yin sa, da kuma sunansa da Hausa idan yana da shi.

Tsohon_Kwamfozita:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa alheri, ya ba su zaman lafiya. Wannan sana'ar ita na ci abinci da ita tun ina saurayi a Ebute Metta, saboda haka bari in faɗi abin da hannuna ya taɓa. Idan ka san hatimin roba da ake dannawa a kan rasit, to ka riga ka san asalin abin. Siffar harafin tana tudu, abin da ke kewaye da ita yana ƙasa. Idan aka shafa tawada, tudun kaɗai ke ɗauka, idan aka danna a kan takarda, tudun kaɗai ke barin alama. Bambancin kawai shi ne a wurinmu kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne mai zaman kansa, an zuba shi daga gamin dalma da kuza da wani ƙarfe da ake kira antimoni, kuma siffarsa a juye take kamar yadda ake ganin rubutu a madubi.

Haruffan suna zaune a cikin faffaɗan akwatin katako mai gidaje da yawa, kowane harafi da gidansa. Mai jerawa yana riƙe 'yar tasar ƙarfe da muke kira sitik a hannun hagu, yana tsinto haruffa ɗaya bayan ɗaya da hannun dama, yana jera su kai a ƙasa, daga hagu zuwa dama. Ko tazarar da ke tsakanin kalmomi ƙarfe ce, sai dai ta fi haruffa gajarta, shi ya sa tawada ba ta taɓa ta. Idan shafi ya cika, sai a sa shi cikin firam ɗin ƙarfe, a cike gefe da guntayen katako, a matse da makullai har ya zama idan an ɗaga firam ɗin babu abin da zai zube. Bayan an gama bugu kuma ba a huta ba, domin sai an wanke haruffan an mayar da kowanne gidansa, kuma a nan ne yaro mai koyo ke shan faɗa idan ya jefa b a gidan d.

Malama_Hauwa_IdiAraba:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan bayani ya fito sarai. Game da suna, ni ban taɓa jin wata kalma ɗaya da Hausawa suka tsayar ba, amma muna da ɗab'i da maɗaba'a daga Larabci, muna kuma da bugu. Ina ganin "bugun tudu" ya wadatar, tunda abin da ya raba shi da sauran hanyoyi shi ne tudun harafin. Kalmar Turancin ma ba ta wuce harafi da dannawa ba.

Abu_Sumayya_Mile12:
Malama, ni "ɗab'in dannawa" ya fi kwanta mini. Mai saye ba ya ganin tudun, abin da yake gani shi ne gurbin da danniyar ta bari, kuma shi ne abin da Alhaji ya ji da yatsansa.

Malama_Hauwa_IdiAraba:
Malam Abu Sumayya, ai kusan kowane irin bugu akwai dannawa a cikinsa, don haka sunan bai ware komai ba. Masana wannan fanni sukan raba tsofaffin hanyoyin bugu ne bisa inda tawada ke zama: ko a kan tudu, ko a cikin kwari, ko a shimfiɗaɗɗen fili inda maiƙo da ruwa ke raba wurin da zai ɗauki tawada da wanda ba zai ɗauka ba. Na ukun shi ne litogirafi, wanda wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya gano a 1796, kuma daga gare shi ne bugun ofset ya fito, wato wanda aka yi katin nan mai sheƙi da shi. Idan muka bi wannan rabo, sunan tudu ne ya dace.

Ɗalibin_Tarihi_Akoka:
Ina so in ƙara ɗan tarihi, domin tsohon injin da Alhaji ya gani jikan wani abu ne da ya girgiza duniya. Wajen shekarar 1450, a garin Mainz na ƙasar Jamus, Johannes Gutenberg ya haɗa abubuwa da dama wuri guda: hanyar zuba haruffa masu yawa iri ɗaya daga ɗan ƙaramin mazubi na hannu, da tawada mai mai wadda ke kama ƙarfe, da matsi mai dunƙulen katako irin wanda manoman yankin ke matse inabi da shi. Wajen 1455 ya kammala buga Baibul mai layi 42 a kowane shafi, kwafi kimanin 180. Kafin nan, kwafi ɗaya na irin wannan littafi yakan cinye wa marubuci watanni masu yawa. Shi ne ya ƙirƙiro bugu da haruffa masu cirewa a duniya.

Injiniya_Bello_Apapa:
Ɗan'uwa, jimlarka ta ƙarshe tana bukatar gyara. A ƙasar Sin, wani mutum mai suna Bi Sheng ya yi haruffa masu cirewa da gasasshen yumɓu tun wajen shekarun 1040, kuma kafin shi ma suna sassaƙa shafi sukutum a jikin katako su buga. A Koriya an buga littafi da haruffan ƙarfe a 1377, kuma kwafinsa yana nan a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a birnin Paris. Abin da ya sa aikin Gutenberg ya yi nisa shi ne rubutun Turawa haruffansa kaɗan ne, alhali na Sin yana bukatar dubban alamomi, don haka a can sassaƙa katako ya ci gaba da zama mafi sauƙi har tsawon ƙarnoni.

Ɗalibin_Tarihi_Akoka:
Na karɓi gyara, Injiniya, a Turai nake nufi. Tunda mun shiga tarihi, bari mu dawo gida. Injin bugu na farko da aka sani a ƙasar nan ya sauka a Kalaba ne a 1846 tare da ɗan mishan Hope Waddell. Sannan Henry Townsend ya kafa nasa a Abeokuta a 1854, inda ya fara fitar da jaridar Iwe Irohin a 1859, ana sayar da ita wuri 120. A nan Legas, Robert Campbell ya fara jaridar Anglo-African a 1863. Duk waɗannan da hannu aka jera haruffansu kamar yadda Baba ya siffanta. Injin Linotype, wanda ke zuba layi guda cur daga narkakkiyar dalma idan an danna maɓallai, a 1886 ya fara aiki a Amurka, kuma shi ne ya riƙe gidajen jaridu har zuwa lokacin da ofset da kwamfuta suka ture shi.

Tsohon_Kwamfozita:
Akwai abin da ke cikin tambayar Alhaji da har yanzu ba a taɓa ba, kuma shi ne ya fi ba ni mamaki. Wannan nutsewar rubutu da ake sayar masa da tsada, a zamaninmu aibi ce. Maigidana yakan juya takarda ya shafa bayanta, idan ya ji tudun haruffa ya fito ta baya, to ranar nan ba za ka ji da daɗi ba. Dalili biyu ne: danniya mai ƙarfi tana cinye fuskar haruffan dalma, waɗanda kuɗi aka sa aka sayo daga Ingila, sannan tana ɓata ɗaya fuskar takardar wadda ita ma za a buga. Gwani a wurinmu shi ne wanda harafinsa zai taɓa takarda kawai ya bar tawada baƙi ƙirin ba tare da ya bar rami ba. Mukan ɓata rabin yini muna manna siraran takardu a ƙarƙashin wuraren da suka yi ƙasa domin danniya ta daidaita ko'ina, tunda an ƙayyade tsayin kowane harafi a inci 0.918, kuma wanda ya tsufa yakan gaza hakan da ɗan kaɗan. Yau ga shi abin da ake dukanmu a kai shi ake ƙara wa kuɗi.

Aisha_Mai_Zane_Yaba:
Baba, ka yi mini afuwa, ina ganin ba a yi wa masu yi yanzu adalci ba. Ni aikin zanen katuna nake yi, kuma nakan kai irin wannan aiki Shomolu. A da, bugun tudu shi ne hanyar buga komai, tun daga jarida har tikitin jirgin ƙasa, saboda haka burin gwani shi ne kada a ga sawun inji. Yanzu firinta ta ofis ma tana fitar da rubutu sumul, don haka wanda ya zaɓi tsohuwar hanya yana so ne a gane cewa ita ya zaɓa, kuma ramin shi ne shaidarsa. Sannan yawancin masu yi yanzu ba sa taɓa haruffan dalma. Ana yin zane a kwamfuta, a fitar da shi a fim, a ɗora a kan wani faranti na roba mai taurara idan haske ya buge shi, a wanke inda hasken bai taɓa ba, sai rubutun ya rage a tudu. Farantin na aiki ɗaya ne, ko ya lalace babu asarar haruffa.

Game da tsada kuma, Alhaji, ga inda kuɗin ke tafiya. Takardar da ke karɓar rami ba tare da ta tsage ba mai kauri ce mai laushi, sau da yawa ta auduga, kuma daga waje ake shigo da ita. Kowane launi yana bukatar farantinsa, da wanke rola, da sake bi da kowane kati ta cikin inji, don haka launi biyu aiki biyu ne. Kafin a sami bugu mai kyau ana ɓata takardu wajen gwaji. Ofset kuwa idan ya tashi yana zubo launuka huɗu a kan dubban takardu cikin ɗan lokaci.

Tsohon_Kwamfozita:
'Yata, na ji hujjarki, kuma ban ce ba sana'a ba ce. Amma idan babu mai jera haruffa, ni a wurina rabin abin ya tafi, domin ilimin yana cikin jerawar ne, a san inda za a ƙara siririn ƙarfe tsakanin haruffa biyu don ido ya huta. Abin da kika siffanta babban hatimi ne da aka ɗora wa inji.

Injiniya_Bello_Apapa:
Baba, ai ko a zamaninku akan yi bulok na ƙarfe domin hotuna da tambura, kuma gidajen jarida sukan zuba shafi sukutum ya zama faranti lanƙwasasshe da za a ɗaura wa inji mai juyawa. Ba wanda ya ce wannan ba bugun tudu ba ne. A ganina ma'anar tana tsayawa ne a kan tudun da ke ɗaukar tawada, ko da me aka yi shi.

Mai_Canji_Broad:
Ni da nake juya kuɗi kullum, ashe irin wannan bugu ne a jikin takardar naira? Idan ka shafa sabuwar dubu ɗaya za ka ji rubutu da hoton suna da kaushi.

Injiniya_Bello_Apapa:
A'a Alhaji, wannan kishiyarsa ce, wato bugun kwari da Malama ta ambata. Ana sassaƙa zanen ya nutse cikin farantin ƙarfe, a cika ramukan da tawada, a goge saman, sannan a matse takarda da ƙarfi sosai har ta tsotso tawadar daga cikin ramukan. Shi ya sa a jikin kuɗi tawadar ce ke tudu, alhali a katin Baban Zainab rubutun ne ya yi ƙasa. Idan kana neman bugun tudu a rayuwar yau da kullum, ka dubi ledar fiya wata da ke hannun kowa a Legas. Rubutun jikinta da faranti mai laushi mai tudu ake buga shi a kan inji mai gudu, ana kiran hanyar filekso, kuma da ita ake buga yawancin ledoji da kwalaye.

Malam_Na_Zangon_Agege:
Ina biye da ku tun farko, kuma ina so in kawo wani gefe da ya shafe mu kai tsaye. Mun taso muna ganin Alƙur'anan da ake sayarwa a bakin masallatai, na ruwayar Warshu, da rubutu irin na alarammomin Kano da Barno, mai kauri, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Waɗannan ba da haruffan ƙarfe aka jera su ba. Alaramma ne ya rubuta da alƙalaminsa, aka ɗauki hoton shafukan aka buga. Mutanenmu ba su saki jiki da rubutun inji ba, domin idon da ya saba da allo ba ya sakewa da siraran haruffan da aka zuba a wata ƙasa. Har ila yau baƙaƙen Larabci suna haɗuwa da juna, kuma siffar harafi tana canzawa a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, ga wasula a sama da ƙasa, saboda haka akwatin haruffansa ya ninka na boko nesa ba kusa ba.

Ɗalibin_Tarihi_Akoka:
Allah ya gafarta Malam, wannan haka yake, kuma ba mu kaɗai ba ne. A Istanbul sai a 1729 ne maɗaba'ar Ibrahim Muteferrika ta fitar da littafinta na farko da haruffan Larabci, kuma izinin da aka ba shi bai haɗa da littattafan addini ba. A ƙasashen Musulmi da yawa, musamman Indiya da Iran, litogirafi ya fi samun karɓuwa a ƙarni na 19 saboda yana adana hannun marubuci. Sai dai kada a ɗauka haruffan ƙarfe ba su yi wa Alƙur'ani hidima ba, domin mashahurin bugun Alƙahira na 1924, na ruwayar Hafsu, da su aka jera shi a maɗaba'ar gwamnati ta Bulaƙ.

Malama_Hauwa_IdiAraba:
Maganar Malam ta tuna mini da namu haruffan masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. A tsofaffin littattafan boko za ka ga an sa ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa, kafin a tsayar da masu ƙugiya a shekarun 1930. A bugun tudu, harafin da babu shi a akwati babu shi ke nan, sai an zuba shi musamman. Wannan na cikin abin da ya sa samun maɗaba'a ta kanmu ya zama babban al'amari: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, a 1945. Baba, ku a Legas yaya kuke yi idan aikin Hausa ya zo?

Tsohon_Kwamfozita:
Malama, kin sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni kaɗai ne Bahaushe a shagonmu, don haka duk aikin Hausa ni ake turo wa. Akwatunanmu suna da haruffan Yarbanci masu ɗigo a ƙasa, amma babu ko ɗaya mai ƙugiya. Yawanci sai in sa waƙafi kafin b da d, in bar k haka nan, mai karatu ya gane da kansa. Akwai ranar da wani dattijo ya kawo sanarwar wata ƙungiyar 'yan kasuwa, ya dawo yana faɗa domin an buga "kasa" inda yake nufin "ƙasa", ya ce mun mayar da ƙasar haihuwarsa macijiya. Daga ranar na sami wata 'yar zarto na riƙa gyara tsofaffin haruffa da hannuna, ko da yake ba su taɓa fitowa da kyau kamar na Zariya ba.

Hajiya_Mai_Atamfa_Balogun:
Ni tambayata ta kasuwa ce. Littafin rasit da nake bugawa kowace shekara, na lura lambobin da ke samansa suna ɗan nutsewa kuma ja ne, ga layin ɗigo-ɗigo inda ake yagewa. Shin shi ma wannan aikin ne?

Aisha_Mai_Zane_Yaba:
Shi ne Hajiya, a mafi yawan lokuta. Waɗannan tsofaffin injuna, musamman ƙirar Heidelberg ta Jamus mai hannuwa biyu da ke juyawa suna ɗaukar takarda, ba su daina aiki a Shomolu da Mushin ba. Ana sa musu 'yar na'urar lamba da ke ƙara ɗaya da kanta a duk danniya, ana kuma amfani da su wajen huda layin yagewa, da yanke kwali bisa siffa, da yin layin naɗewa, da manna ruwan zinariya da zafi. Da wannan aikin ne suka rayu bayan ofset ya ƙwace musu buga rubutu.

Injiniya_Bello_Apapa:
Ina so in ja hankalin duk wanda sha'awa za ta kai shi ga sayen tsofaffin haruffa. Dalma guba ce idan ta shiga jiki, musamman ga yara, don haka a wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma a narkar da ita a ɗaki rufe.

Baban_Zainab_Agege:
Na gode ƙwarai, na zo da tambaya ɗaya na tafi da guzuri mai yawa. Abin da na fahimta shi ne tsadar tana cikin takarda da lokacin ma'aikaci. Saura abu ɗaya: yaya zan tabbatar cewa abin da zan biya shi za a yi mini? Sannan uwar amarya ta ga hoton samfurin ta ce ita mai launuka take so, domin wannan ya yi mata kama da takardar ofis.

Aisha_Mai_Zane_Yaba:
Alhaji, ka karkata katin a gaban haske. Idan bugun tudu ne za ka ga inuwa siririya a cikin gurbin kowane harafi, kuma tawadar ba ta sheƙi. Idan rubutun ya kumbura sama yana ƙyalli kamar an ɗiga masa roba, wannan wata hanya ce daban da ake barbaɗa gari a kan ɗanyar tawada a gasa, kuma ta fi araha sosai. Ka nemi a buga maka gwaji ɗaya a kan ainihin takardar kafin ka biya sauran kuɗin. Game da Hajiya uwar amarya, wasu sukan buga kaɗan irin wannan domin iyaye da manyan baƙi, sauran kuma a yi na ofset.

Abu_Sumayya_Mile12:
Ni dai har yanzu ina ganin kuɗin ya fi amfani a kayan ɗakin amarya, tunda yawancin mutane a WhatsApp za su ga gayyatar, kuma rami ba ya fitowa a waya.

Tsohon_Kwamfozita:
Alhaji, idan ka yanke shawarar yi, ka tambayi mai shagon ko haruffan ƙarfe zai jera ko faranti zai yi. Idan faranti ne, ka sa Aisha ta duba maka cewa ɗ ɗin "ɗaurin aure" ta fito da ƙugiyarta kafin a fitar da fim, domin bayan an yi faranti babu gyara sai an sake wani. Idan kuwa ya ce yana da akwatin haruffa, ka sanar da ni ranar da za ka koma, zan hau mota daga Ebute Metta in same ka a can, ina so in ga irin haruffan da suka rage masa.